Wa Zai Riƙe Wa Mikiya?

Ɗakin kyamara ba shi da taga. Wanda ya zana kamfanin nan na ajiyar kayan sanyi, Allah kaɗai ya san abin da ke ransa. Ya ware wa kifi da nama ɗakuna shida manya-manya, da ya zo kan mutanen da za su zauna su sa ido a kansu sai ya tsuke musu wani lungu a ƙarshen baranda, ya cika bangon da allunan kallon kyamara ashirin da huɗu. Sha biyu na dama na Mikiya ne, sha biyu na hagu na ƙanwarta Auta. Kujera biyu, dogon tebur ɗaya, oba-oba biyu na kiran ma'aikata, littafin rahoto, sai iyakwandishan da ke hura iska kai tsaye a fuskar duk wanda ya zauna a dama. A nan suke wuni tun bakwai na safe har biyar na yamma, kafaɗa kusa da kafaɗa, kuma wata takwas ke nan ba wadda ta ce wa 'yar'uwarta ko ci kanki.

Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya fa, ba ma a ce 'yan uba ne ba. Mikiya ce babba, ita ta samo wa Auta aikin, ita ta koya mata yadda ake zagaya alluna da ido ba tare da kai ya juya ba. Sunan Mikiya kuwa masu lodi ne suka laƙaba mata tun shekarunta na farko, don ko katan ɗaya aka ajiye a karkace sai ka ji muryarta a oba-oba tana tambayar wane mai shanyayyen hannu ne ya yi wannan aikin. Ba sa ƙaunarta, amma suna tsoronta, ita kuma hakan ya ishe ta. Shekara sha huɗu tana wannan kujerar.

Dokar ɗakin ɗaya ce, an ma rubuta ta an manna a bayan ƙofa. Ba ka ɗauke ido daga allunanka sai ka ce wa abokin zamanka, riƙe min. Shi kuma sai ya ce, na riƙe. Idan bai amsa ba, ko kunama ce ta hau ƙafarka ba ka sunkuyawa. Ba don ɓarayi kaɗai aka yi dokar ba. Cikin ɗakunan sanyi babu kyamara, sanyin kashe su yake yi, don haka ƙofofin kawai ake gani daga waje. Mutum ya shiga, ƙofa ta rufe a kansa, abin da bai fi ƙirga biyar ba ne. Wanda idonsa ya tsallake wannan ƙirga biyar ɗin, abin da zai ci gaba da gani ƙofa ce a rufe, kamar kullum, mutum kuwa yana ciki yana daskarewa.

A da kalmomin nan biyu ba su da nauyi a bakinsu. Riƙe min, Yaya, in ɗaura ɗankwali. Riƙe min, Auta, in sha ruwa. Sai ga ranar da Mikiya ta hango ɗan Auta a allo na tara, wurin lodi, yana tura katan biyu na kifi ƙarƙashin kujerar wata mota da ba ta kamfani ba. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da huɗu, direban motar ɗaga kaya, yaron da Mikiya ta goya a bayanta har ya yi wayo, tun da ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Ba wanda yake komawa ya duba hoton kyamara sai an kai rahoto, bayan wata guda kuma na'urar da kanta take sharewa. Shiru kawai ake nema a wajenta. Auta ta durƙusa a tsakanin kujerun nan biyu, ta riƙe mata ƙafa, ta ce za ta sa shi ya mayar, za ta yi masa abin da bai taɓa gani ba a gida. Mikiya ta janye ƙafarta, ta jawo littafin rahoto, ta ce abin da kyamara ta gani shi ne gaskiya, ba ta da ikon ƙarawa ko ragewa.

Aka kori yaron, aka yi masa rakiya har bakin get a gaban abokan aikinsa. Labari ya riga shi zuwa duk inda ya je neman aiki, ƙarshe ya bar garin, waya ma sai ya ga dama yake ɗauka. Ko Mikiya ta yi daidai? Masu wa'azi za su ce ta yi. Amma wallahi akwai gaskiyar da ake faɗa da hawaye, akwai wadda ake faɗa ana gyara zaman biro, ita kuwa ta biyun ta yi. Daga ranar Auta ta daina ce mata Yaya. Idan dole ta kama a gaban mutane sai ta ce Mikiya, kamar yadda masu lodi suke faɗa. Riƙe min da na riƙe kuwa suka mutu a ɗakin. Kowace ta dinga daurewa har sha biyu da rabi, lokacin da mai karɓa yake zuwa ya ba su hutun rabin awa ɗaya bayan ɗaya.

Taurin kai ba ya ciwo, ido ne ke ciwo. Da farko Mikiya ta ɗauka barci ne bai ishe ta ba. Daga nan sai ta fara jin kamar an watsa mata yashi a ƙarƙashin fatar ido, tun goma na safe. Kafin azahar lambobin motoci su fara rabuwa biyu, kai ya ɗauki sara daga goshi har ƙeya, hawaye ya dinga zuba ba kuka ba dalili. Ta sayi kwalli, ta sayi maganin da mai kemis ya ce yana wanke ja, duk a banza. Ranar da ta rubuta lambar wata mota ba daidai ba aka ba ta takardar gargaɗi, ta farko a shekara sha huɗu. A kamfanin ba a ba da ta biyu. Ta ninke takardar ta sa a jaka, ta gefen ido kuma ta ga bakin Auta ya ɗan motsa.

Ranar hutunta ta tafi wajen likitar ido a can wata unguwa, inda ba za ta yi karo da ɗan kamfani ba. Dalilin ɓoyon a fili yake. Wanda yake kan kujerar hagu kafin Auta, ranar da manaja ya ji yana zuwa asibitin ido, satin bai ƙare ba aka yi masa godiya aka karɓi katinsa na aiki. Likitar, wata 'yar siririya mai saurin magana, ta ɗiga mata wani ruwa mai launi, ta haska, ta ja tsaki. Ta ce idon ya bushe har ya fara kurjewa. Ta ce mai kallon allo mantawa yake yi da ƙiftawa, ga iska mai sanyi tana shanye ɗan ruwan da ya rage. Ta ba ta maganin ɗigawa, ta ce a juyar da iskar daga fuskarta, a rage hasken allo, a kashe duk fitilar da ke ƙyalli a kansa. Babban magani kuma, in ji ta, ba a kwalba yake ba: duk bayan minti ashirin ta ɗauke ido, ta kalli wani abu mai nisa, ta ƙirga ashirin tana ƙiftawa. Mikiya ta tambaya idan ba ta samu yi ba fa? Likitar ta ce to kurjewar za ta zama gyambo, gyambon ya bar tabo a tsakiyar gani, tabon nan kuwa ba tabarau da ke cire shi.

Ƙirga ashirin! Abin da ko yaro ba zai kira aiki ba. Amma a ɗakin da ba taga, abu mai nisa ɗaya ne, jar tukunyar kashe gobara da ke rataye a ƙarshen baranda, ba ta ganuwa kuma sai an tashi an buɗe ƙofa an ba alluna baya. Wato dai idon Mikiya da aikinta duka sun rataya a kan kalma biyu, kalmomin kuma suna bakin Auta.

Ta fara da abin da ba ya buƙatar roƙo. Ta zo da sassafe ta hau kujera ta juya fukafukan iyakwandishan sama. Auta ta shigo, ta ajiye jaka, ta kalli sama, ta ɗauki tsintsiya ta mayar da su yadda suke da bakin sandar. Mikiya ta kashe dogon ƙwan lantarkin da ke haska allunanta. Auta ta miƙa hannu ta kunna, ta ce wa bango ita ba jemage ba ce da za ta yi aiki a duhu. Mikiya ta rage hasken allunanta, ta dawo daga hutun rabin awa ta tarar an ƙure shi har ƙarshe. Haka suka yi sati guda, manyan mata masu furfura a ƙarƙashin ɗankwali, suna wasan kashe-kunna kamar 'yan firamare. Da ɗaki yana dariya da ya yi.

Ta nemi manaja ya sauya mata abokiyar zama. Ya tambayi dalili, ta rasa wanda za ta bayar da ba zai tona idonta ba, ya ce jadawali na shekara ne, ba rigar sawa ba ce.

Innarsu a gidan Mikiya take zaune, tsohuwa mai ciwon gwiwa da kaifin baki. Auta tana zuwa duk Asabar da yamma ta gaishe ta, ta wuce Mikiya a tsakar gida kamar turmi. Wata Asabar Inna ta ga babbar 'yarta kwance da jiƙaƙƙen tsumma a kan ido, ta sa aka kira mata su duka biyun. Ta yi ta magana. Ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ta ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, ta ce ita dai kada su bari ta mutu ta bar su haka. Mikiya ta haɗiye girman kanta, abin da ya fi mata shan maɗaci wuya, ta faɗi abin da likita ta ce tun daga farko har ƙarshe. Auta ta saurara tana wasa da zoben hannunta. Da aka gama ta ce, “Inna, ni ma na taɓa roƙon shiru na wata ɗaya. Ita ƙirga ashirin take nema, ai nata da sauƙi. Allah ya ba ta lafiya.” Ta ɗauki mayafinta ta fita. Inna ta bi ta da kira har muryarta ta dushe.

Ran Litinin, ƙarfe tara da 'yan mintuna, Mikiya ta ce, “Riƙe min.”

Kalmar ta fito a shaƙe, don ta daɗe ba a taɓa ta ba. Auta ko gezau. Ta ma jawo oba-oba ta shiga faɗa wa wani direba ya gyara fakin. Mikiya ta zauna, hawaye yana bin kumatunta, tana jin kunya da haushi suna cin ta lokaci ɗaya. Ita ce fa ta yi wa yarinyar nan kitso ranar da za a kai ta makaranta. Ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Bayan minti ashirin ta sake faɗa. Ta faɗa sau goma sha a ranar, ba a amsa ko ɗaya ba.

Kwana uku tana faɗa tana zaune. A na huɗu idon dama ya yi mata wani irin suka kamar an caka ƙaya, ta ce riƙe min, ba ta jira komai ba ta miƙe. Ta buɗe ƙofa, ta kafa ido a kan jar tukunyar nan, ta ƙirga ashirin tana ƙiftawa. Ta dawo ta zagaya allunanta sha biyu, ba abin da ya faru. Ta ɗiga magani a gurguje ta ɓoye kwalbar a aljihun tebur. Sanyin da ta ji a idon ya sa ta kusa yin kuka na gaske.

To, ɓarawo ma ranar farko ce take masa wuya. Ta mayar da abin al'ada. Ta kan duba ƙofofin ɗakunan sanyi tukuna, ta ga ba mai shiga ba mai fita, ta faɗi kalmarta ga kunnen da ya toshe, ta tashi. Ta san sarai akwai kyamara ta ashirin da biyar a saman ƙofar ɗakin nasu, wadda hotonta ofishin manaja yake zuwa. Ta kuma san wannan kyamarar hoto kawai take ɗauka, ba ta ɗaukar murya, ba kuma a duba ta sai wani abu ya faru. Sati uku ba abin da ya faru. Yashin ya ragu, lambobi suka daina rabuwa, har ta fara tunanin ta tsallake.

Ranar Laraba ce, wajen sha ɗaya da kwata. Ta duba, ɗaki na huɗu ƙofarsa a buɗe an tokare ta da katako kamar yadda ake yi lokacin kwashe kaya, ba kowa a kusa. Ta ce riƙe min, ta tashi. Tana kan goma sha uku a ƙirga ta ji kujerar Auta ta yi ƙara.

“Ɗaki na huɗu! Mutum a ciki, ƙofa ta rufe! Ɗaki na huɗu, ku yi sauri!”

Mikiya ta juyo da gudu. A allonta, can ƙasa a kusurwar dama, ƙofar ɗaki na huɗu ce a rufe ruf, katakon yana yashe a gefe. Ba ta ga komai ba. Da ita kaɗai ce a ɗakin da haka za ta zauna tana kallon ƙofar nan har a tashi. Masu lodi suka rugo, suka yi ta fama da hannun ƙofar, suka fito da wani dattijo mai shara wanda ya shiga ɗauko tsintsiyarsa, motar ɗaga kaya ta wuce ta ture katakon. Hannun ƙofar na ciki ya daɗe da lalacewa, kowa ya sani, ba wanda ya gyara. Minti huɗu ya yi a ciki da 'yar shara-sharar riga. Ya fito yana karkarwa yana salati, amma da ƙafarsa ya fito.

Duk kiran gaggawa sai an rubuta allon wa ne, wa kuma ya kira. Allon Mikiya, muryar Auta. Kafin ƙarfe ɗaya manaja ya turo mai karɓa da shugaban masu gadi su zauna a ɗakin, ya ce matan biyu su same shi a ofis.

Ofishinsa kam da taga, har biyu. Ya juyo musu da kwamfutarsa ba tare da ya ce su zauna ba. Ga Mikiya nan a tsaye a bakin ƙofa, ta ba alluna baya. Ya mayar da hoton baya, ga ta jiya, ga ta shekaranjiya, ga ta tana ɗaga kai tana ɗiga magani. Mutum ne mai son a ce yana da adalci, musamman ranar da hannun ƙofar da bai gyara ba ya kusa kashe mutum, yana kuma neman inda zai sauke kayan. Ya ce shi ba ya zalunci. Ya ce a hoton yana ganin bakin Mikiya yana motsi kafin ta tashi, amma ba ya jin abin da take faɗa. Idan ta ba da riƙo aka karɓa, ba ta karya doka ba, sai dai a yi maganar idonta daban. Ya juya wajen Auta ya tambaye ta kai tsaye ko yayarta ta ce ta riƙe, ko ita kuma ta amsa.

Mikiya ba ta kalle ta ba. Ta kafa ido a kan wata bishiya ta taga. Kalma biyun nan take jira, ko a makare.

“Yallaɓai, ga kyamara nan,” in ji Auta, muryarta a kwance. “Abin da ta gani shi ne gaskiya. Ba ni da ikon ƙarawa ko ragewa.”

Wata takwas tana ajiye da maganar nan, ba ta zubar da ko wasali ɗaya ba. Mikiya ta ji ta kamar mari, ta kuma gane muryar wa aka aro.

Manaja ya juyo gare ta, ya ce to ita me za ta ce, ta nemi riƙo ko ba ta nema ba? Amsar tana kan harshenta. Ta nema, ta nema fiye da sau ɗari, aka yi mata kunnen uwar shegu. Ƙin amsa riƙo kuwa shi ma laifin kora ne, yana nan a layi na biyu a takardar bayan ƙofa. Tana faɗa za su fita tare, 'ya'yan Inna su wayi gari ba mai aiki ko ɗaya. Gaskiya ce tsantsa, irin wadda ta saba faɗa tana gyara zaman biro. Sai ta haɗiye ta. Ta ce laifinta ne, ita ta tashi. Ga shirun da aka durƙusa aka roƙa a wajenta wata takwas da suka wuce, yau ta iya shi, ranar da ba zai dawo da kowa gida ba.

Manaja ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka sauƙaƙa wa aiki. Ya yi mata godiya a kan shekara sha huɗu, ya ce lafiya ta fi komai, ya karɓi katinta. Ya yaba wa Auta ya ce ta koma bakin aiki.

Sai da Mikiya ta gama sa hannu a takardu sannan ta koma ɗaukar jakarta. Mai karɓa ne a kujerarta, wani mutum mai kunya. Da ya gan ta sai ya rasa inda zai sa kansa, ya miƙe ya ce wa Auta ta riƙe masa. Auta ta ce, “Na riƙe.” Haka kawai, kamar mai amsa sallama. Mutumin ya fita ya ja ƙofa.

Mikiya ta buɗe aljihun tebur ta kwashe kofinta da carbinta da kwalbar magani. Tana ɗagowa idonta ya faɗa kan allon ɗaki na huɗu, sai ta tsaya. Shi ne na can ƙasa a kusurwar dama, mafi nisa daga kujerar Auta a duk bangon. Ba a hango shi da gefen ido, ba a kuma kama ƙirga biyar da sa'a. Sai wanda dama can yana kallo. Ta juyo ta dubi ƙanwarta da kyau, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Idanun Auta jajur suke kamar gauta, fatarsu ta kumbura, hawaye yana taruwa a gefe tana sharewa da bayan hannu ba tare da ta ɗauke kai daga bango ba. Ita ma wata takwas ba wanda ya riƙe mata, sati ukun ƙarshe kuma alluna ashirin da huɗu take ɗauka duk bayan minti ashirin.

“Tun yaushe kike kallon nawa?”

“Tun ranar da kika fara tashi.” Auta ba ta juyo ba. “Kada ki ɗauka don ke ne. Mutanen da ke shiga ɗakunan nan su ma 'ya'yan wasu ne.”

Mikiya ta haɗiye wannan ma. Haushi yana nan, bai je ko'ina ba, amma tsoro ya danne shi, don ta san abin da ke cikin idanun nan, ta san kuma inda yake kai mutum. Ta matso bayan kujerarta ta dā, ta zagaya bangon da ido kamar yadda ta saba, ta ce, “Auta, tashi ki kalli tukunyar nan ki ƙirga ashirin. Na riƙe.”

“Ba ki da kati,” in ji Auta. “Ba ki da abin riƙewa a ɗakin nan.”

Mikiya ta ajiye kwalbar maganin a gefen oba-obar Auta. Auta ta sa yatsa ɗaya ta ture ta zuwa ɓangaren dama na teburin. A nan Mikiya ta bar ta, ta ɗauki jaka ta fita.

Hanyar fita ta wurin lodi take bi. Masu lodi suka ga Mikiya da jaka da rana tsaka ba kati a wuya, suka sunkuyar da kai kowa ya kama aikinsa, ba wanda ya yi mata dariya, ba kuma wanda ya ce mata sannu. Ta zo daidai inda motar nan ta tsaya wata takwas da suka wuce, ƙarƙashin kyamara ta tara, ta tsaya. Kyamarar irin mai juyawa ce, daga ɗakin ake sarrafa ta, ta kuma san hannun Auta ne a kai yanzu. Ta ɗaga kai ta dube ta. Ta sa tafin hannu ta rufe idanunta, ta buɗe, ta nuna kyamarar da yatsa, ta sake rufewa. Ko kurma ya gane abin da take cewa.

Kyamarar ta ɗan tsaya a kanta. Sannan ta yi 'yar ƙararta, ta juya a hankali, ta wuce motoci, ta wuce tulin katan, ta koma kan ƙofofin ɗakunan sanyi inda aikinta yake.

Mikiya ta fita get. A waje komai da nisa yake, titi ya miƙe har inda ido ya gaza, ga dogayen gine-gine, ga wata hasumiyar waya can ƙarshen gari. Yanzu tana iya kallonsu har yamma ba mai tambayarta. Ta tsaya a bakin titi tana jiran mota, sai ta kama kanta tana duba agogo. Minti ashirin sun cika tun da ta baro ɗakin, a can ciki kuma ba wanda zai tashi.